Daga Bakin Malami Zuwa Cikin Na'ura: Lacca a Kan Illolin Ɗaukar Sauti

An shirya wannan zama ne domin ƙannena da 'ya'yana matasa, wato masu zama a ƙarshen sahu da kwamfuta bisa cinya duk sa'ad da aka buɗe tafsiri, ko aka yi musabaƙa, ko aka tara jama'a walima, a nan Zango da sauran garuruwan ƙasar Daura.

Da yake Sha'aban ya raba, azumi yana bakin ƙofa, na ga ya kamata in fara da abin da ya sa na damu da wannan mas'ala har na shafe shekaru ina bibiyarta. A wani azumi da ya wuce, a wani masallaci na wannan yanki, akwai wani dattijon malami da ke tafsiri bayan sallar asham, akwai kuma wani yaro mai himma da ya ɗaukar wa kansa naɗar karatun kullum. Daren ashirin da bakwai ya jona wayarsa daga amfilifaya zuwa kwamfuta kamar yadda ya saba, ya danna jan maɓalli, ya ga zanen sauti yana hawa yana sauka, hankalinsa ya kwanta. Da gari ya waye muka zauna sauraro, sai ga ƙugin fanka, ga tarin wani da ke kusa, ga raɗar da yaron ya riƙa yi da abokinsa, muryar malam kuwa tana can nesa kamar ta mai magana daga ƙasan rijiya. Abin da ya auku shi ne, da rana kafin nan ya jona kwamfutar da intanet, Windows ta sauya masa direban sauti ba da saninsa ba, sabon direban bai gane an soka waya a rami ba, manhajar ɗauka ta koma kan ɗan makirfon da ke jikin murfin kwamfutar. Wannan hasarar dare ɗaya ce, kuma da a nan aka tsaya da sauƙi. Amma yaron ya kai kwamfutar wurin wani mai gyara, mai gyaran ya ce ba ta da magani sai an yi mata fomat, ya share ta ƙarƙaf, darare ashirin da shida na baya suka bi wancan. Malamin bai ga azumin da ya biyo ba, Allah Ya jiƙansa, Ya sa karatun yana cikin mizaninsa.

To, wannan kalma ta "a yi fomat" ita nake so mu rage ambatonta, domin galibi hukunci ne da ake zartarwa kafin a saurari shaidu. Sunan garin nan kansa ya ishe mu darasi. Kowa ya san zango shi ne masaukin fatake, kuma madugun da ya san aikinsa, idan ayari ya sauka, yakan ƙidaya dabbobi da kaya kafin a kwanta, saboda in wani abu ya salwanta ya san tsakanin wane zango da wane ya salwanta, ba sai an isa Gwanja a tarar da gibi a rasa wanda za a tuhuma ba. Haka murya take tafiya zango zango: daga baki zuwa makirfo, daga makirfo ta bi waya zuwa miksa ko amfilifaya, daga nan zuwa ramin kwamfuta, sai katin sauti, sai direba, sai Windows, sai manhajar ɗauka, sa'an nan ta kwanta a ma'ajiya. Iyayenmu malaman hadisi sun riga kowa ga wannan hanyar bincike, domin a cikin fannoninsu akwai ilmin ilal, wanda irin su Imamu Daraƙuɗuni suka yi fice a kansa, inda ake samun hadisi wanda zahirinsa lafiya lau, amma da an bi isnadinsa mutum bayan mutum sai a gano ɓoyayyar illa a wuri guda. Zanen da yaron nan ya ga yana motsi shi ne zahiri mai kyau. Illar tana can cikin isnadi, ga wani mai riwaya da aka musanya.

Bari mu san masu riwayar nan biyu da aka fi jahilta. Katin sauti, a farkon al'amari, kati ne na haƙiƙa da ake saye daban a soka cikin kwamfuta, kamar Sound Blaster wanda kamfanin Creative na ƙasar Singafo ya fitar a 1989. Amma tun da kamfanin Intel ya shimfiɗa ƙa'idojin sauti a 1997, ya sabunta su a 2004, katin ya ƙanƙance ya zama 'yar ƙwaya da ba ta kai farcen yatsa ba, manne a jikin allon kwamfuta, kuma mafi yawan waɗanda ke hannunku na kamfanin Realtek ne na Taiwan. Aikinsa shi ne auna igiyar sauti sau dubbai cikin kowace daƙiƙa ya mai da awon lambobi, tun da yake kwamfuta ba ta san komai ba sai lamba. Direba kuwa, ko da yake sunan yana kai hankali ga matuƙin mota, aikinsa ya fi kama da na tafinta, irin waɗanda suka tsaya tsakanin sarakunanmu da Turawa a zamanin mulkinsu: katin yana da harshensa, Windows tana da nata, kuma duk abin da ɗaya zai faɗa wa ɗaya sai ya bi ta bakin wannan ƙaramar manhaja. Dattawa sun ba mu labarin irin ɓarnar da tafinta ke yi idan harshe ɗaya ya fi ƙarfinsa, ko ya taƙaita abin da aka ce ya faɗa, alhali kuwa ɓangarorin biyu kowa yana zaton an isar da maganarsa.

Me ya sa wannan saɓani ya fi yawa a wurinmu? Dalili shi ne kusan duk kwamfutocinmu na hannu ne, waɗanda aka gama amfani da su a Turai ko Amurka, aka sayo a Kano, wasu ma suka ƙetaro ta Nijar da rubutunsu na Faransanci. An ƙera su a zamanin Windows 7, wadda Microsoft ta daina kula da ita a Janairun 2020, sai masu gyara suka ɗora musu Windows 10 ko 11, alhali kamfanin da ya ƙera kwamfutar bai taɓa rubuta wa wannan samfuri direban sabuwar Windows ba. A irin wannan hali Windows takan naɗa tafinta na gama-gari daga wurinta, wanda ya iya gaisuwa da ciniki, wato yana fitar da sauti a lasifika har mutum ya ji karatu ya ce ai komai daidai, amma bai san sirrin wannan kwamfuta ba, musamman yadda raminta ke gane an soka masa waya da yadda yake rarrabe makirfo da abin saurare. Saboda haka fitar sauti ba hujja ba ce a kan shigarsa. Hanyoyi biyu ne, kowace sai an jarraba ta ita kaɗai.

Yadda ake bincika nasabar katin ba shi da wuya. A buɗe wurin da Windows ke kira Device Manager, a nemi sashen sauti. In an ga alamar ɗorawa mai kusurwa uku, direba ya ɓace ko ya lalace, in kuma an ga suna na gama-gari babu sunan kamfani, to wancan tafintan aro ne ke aiki. A cikin bayanan na'urar akwai wani dogon layi na haruffa da lambobi, wanda shi ne sunanta na yanka da ba ya canzawa ko da wane harshe kwamfutar ke magana: idan an ga 10EC bayan haruffan VEN, katin na Realtek ne, 14F1 kuwa na Conexant. Da wannan, da lambar samfurin da ke rubuce a ƙarƙashin kwamfutar, sai a nufi shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ne ko Dell ko Lenovo, a sauko da direban da ya dace, a kula kuma ko Windows ɗin mai 32 ce ko mai 64, domin na wannan ba ya hawa waccan. Sau da yawa direban da aka rubuta wa Windows 7 ko 8 yakan yi aiki a kan 10. Amma waɗannan tarin direbobi da ake yawo da su a filasha, waɗanda ba a san wanda ya haɗa su ba, hukuncinsu a wurina hukuncin riwayar majahuli ne, ba a gina komai a kanta sai in an rasa wata. In kuwa jiya lafiya yau babu, kamar abin da ya sami yaron nan, to a shafin direban akwai maɓallin mai da shi ga na baya, aikin da bai fi minti biyu ba. Da mai gyaran nan ya danna shi, da karatun malam yana hannunmu yau. Wanda ya samu direban da ya zauna masa lafiya ya adana shi a filasha ta daban, kuma ya dakatar da sabuntawar Windows tun daga jajibirin azumi har a sauko daga idi.

Daga direba sai mu matsa zango na gaba, inda manhaja ke karɓa daga Windows. Yawancinku Audacity kuke amfani da ita, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, aka sake ta kyauta a 2000. A cikinta za ku ga an ba ku zaɓin ƙofofi uku, kuma kowace tana da zamaninta: MME ta 1991, DirectSound ta 1995, da WASAPI wadda ta zo tare da Windows Vista. Tsohuwar ta fi haƙuri da kowane irin kati, sabuwar ta fi tsabta amma ta fi sharuɗɗa, saboda haka in ɗaya ta ƙi buɗewa a gwada 'yar'uwarta kafin a zargi kowa. Kuma idan manhajar ta ƙi ɗauka ta nuna lamba, kada a yi saurin rufe saƙon, domin lambar shaida ce mai magana. 9996 tana nufin na'urar da aka zaɓa ba ta nan, galibi don an soka ta bayan an buɗe manhaja, ko an zare ta an mayar. A soka tukuna, sa'an nan a buɗe. 9998 tana nufin an nemi hanyoyi biyu daga makirfo mai hanya ɗaya. 9997 saɓanin awo ne, wanda zan zo kansa yanzu. 9999 kuwa ita ce mai faɗi, kuma tun sabuntawar Afrilun 2018, lokacin da Windows 10 ta tsananta izinin amfani da makirfo don kare sirrin mutane, sababinta mafi yawa shi ne an kulle wannan izini a sashen sirri, ko kuma wata manhaja, kamar ta kiran bidiyo, ta riga ta kama makirfon ta riƙe shi ita kaɗai.

Mas'alar awo ita ce nake roƙon alarammomi su saurara da kyau, domin ta shafi amanar karatu. Akwai awo biyu da suka shahara: 44,100 a daƙiƙa, wanda aka gada daga faifan CD, da 48,000, wanda masu bidiyo suka yi ittifaƙi a kansa. A bisa al'ada Windows takan daidaita tsakaninsu ba tare da an sani ba, amma idan direba ya faɗi awon da ba shi katin ke yi ba, ko aka ɗora sauti a kan bidiyo ba a kula ba, sai abin da aka auna da mudu ɗaya a karanta shi da wani mudun. Karatun da aka ɗauka a 44,100 aka karanta a 48,000 yakan ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin 100, har sa'a guda ta koma minti 55, muryar dattijo ta sirance ta koma ta saurayi. In aka juya kuwa, sa'ar ta zama minti 65, muryar ta yi kauri tana jan ƙafa. Na taɓa kunna wa wani alaramma karatunsa da wannan illa ta sama, ya yi shiru yana saurare har ƙarshen sumuni, sa'an nan ya ɗago ya ce, "Malam, harafin nawa ne, amma numfashin ba nawa ba ne." Maganin abu ne ƙarami: a zaɓi awo guda, a rubuta shi a saitin makirfo na Windows, a rubuta shi a manhaja, in za a haɗa da bidiyo a tsaya kan 48,000.

Akwai wata illa da ta fi wannan ɓoyuwa, kuma ta fi ba ni tsoro. Direbobin zamani suna zuwa da abin da suke kira inganta sauti, wanda aka tsara domin masu hira ta intanet: yana danne duk wani sauti mai tsawo da bai canzawa, don yana ɗaukarsa ƙugin fanka ko na inji, yana kuma ɗaga murya in ta yi ƙasa ya sauke ta in ta yi sama. Ku dubi abin da wannan zai yi wa mai jan baƙi. Maddi lazimi, wanda ake ja haraka shida, da gunna da ake riƙewa a hanci, su ne ainihin sauti mai tsawo da bai canzawa. Sai na'ura ta fara shaƙe su tun ba su cika ba, wanda ya saurara daga baya a Baure ko Magarya ya zaci alaramma ne ya gaza, ko, abin da ya fi muni, yaro mai koyo ya kwaikwayi gazawar. Wajibi ne a kashe wannan ingantawa gaba ɗaya kafin a ɗauki Alƙur'ani. A kashe kuma umarnin nan da ke sa Windows ta rage sauran sautuka da kashi 80 cikin 100 idan ta zaci ana kiran waya.

Masu waƙa da ke aiki da FL Studio ko Cubase damuwarsu daban ce, wato jinkirin da ke tsakanin furta kalma da jin ta a kunne. Don wannan kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da ASIO a 1997, hanyar da ke tsallake Windows ta isa katin kai tsaye. Wanda katinsa ba shi da ita yakan yi aro da ASIO4ALL. Lambar da ake saitawa a nan ma'auni ce: 256 a awon 48,000 jinkirinta bai fi kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa da ɗan ɗoriya ba, amma tsohuwar kwamfuta takan kasa bi ta riƙa ƙas-ƙas. Mai naɗar tafsiri ba ya bukatar wannan tsere, ya ɗaga lambar zuwa 1024 ko fiye ya huta.

Adalci kuma ya hukunta in faɗi cewa laifuffuka da dama da ake jingina wa direba ba nasa ba ne. Ƙugin nan mai kauri da ke kwance ƙarƙashin murya na wutar lantarki ne, wadda a ƙasarmu da Nijar take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, yakan kuma shigo idan kwamfuta da amfilifaya suna shan wuta ta hanyoyin da ƙasarsu ba ɗaya ba, balle in janareta ne. Ku zare caja ku bar kwamfutar kan batir, in ƙugin ya ɗauke kun sami mai laifi. Muryar da ke fashewa kamar tsagewar ƙyalle kuwa, sababinta shi ne an ɗura wa ramin makirfo, wanda aka yi domin raunanan sauti, abin da ke fitowa daga miksa da ƙarfinsa. Sautin da aka yanke kansa a ɗauka ba ya sake tsirowa a gyara, don haka a rage tun daga miksa har zanen ya daina taɓa rufi. Kada kuma a taɓa jona kwamfuta da mafitar da ke kai wuta ga manyan lasifikokin hasumiya, domin wannan ƙona katin yake yi nan take. Sa'an nan kwamfutocin da ke da rami ɗaya tak suna son fulogi mai gaɓa huɗu, irin na abin sauraren waya, mai gaɓa uku in ya shiga sai su ɗauke shi abin saurare kawai. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda mu mutanen bakin iyaka muka fi kowa saninta, tana taruwa cikin ramin har ɗan harshen ƙarfen da ke shaida an soka waya ya daina motsi.

Shawarata ga kwamitin kowane masallaci, in da hali, a sayi ɗan katin sauti na waje mai shiga ta USB, mai mashiga biyu, ɗaya ta mai jan baƙi ɗaya ta mai fassara. Yana nesanta sauti daga hayaniyar cikin kwamfuta, kuma da yawansu suna bin ƙa'ida ta bai-ɗaya wadda Windows 10 ta san ta tun 2017, ba sai an nemo musu tafinta ba. Sai dai a tuna, wanda ya ɗauki muryoyin biyu ta wannan hanya zai tarar da alaramma a kunnen hagu malam a na dama, don haka a gauraya su su zama hanya ɗaya kafin a raba wa jama'a, tun da yawancin masu saurare da waya mai lasifika ɗaya suke ji, wasu ma kunne ɗaya suke sa wa abin saurare suna aiki a gona. Hanya ɗaya a awon 44,100 ba ta cin fiye da megabait 320 a sa'a, ma'ana tafsirin wata guda na sa'a biyu kullum zai shiga filasha mai gigabait 32 har da saura. Babu uzurin barin darare ashirin da shida a wuri ɗaya.

Kullum bayan la'asar, kafin jama'a su taru, mai ɗauka ya sa wani ya tsaya gaban makirfon malam ya yi magana minti biyu, shi kuma ya ƙwanƙwasa murfin kwamfutarsa da yatsa yayin da ake ɗauka. Sa'an nan ya tsayar, ya sa abin saurare a kunnuwa biyu, ya ji da kunnensa. In ya ji ƙwanƙwasar a fili, to makirfon murfi ne ke aiki, kuma yana da sauran lokaci har magariba ya bi zangunan nan ɗaya bayan ɗaya, yana canza abu guda kaɗai a kowane gwaji, domin wanda ya canza uku a tare ya ga ta gyaru bai san wanne ne magani ba, gobe in ta dawo zai koma farko.

Na ga wasunku sun zo da kwamfutocinsu, na kuma hango ladan ya miƙe. Bayan an idar da salla za mu dawo nan, a jera su bisa tabarmar gaba, kowa ya buɗe Device Manager da hannunsa ya karanto mini abin da ya biyo bayan VEN, mu fara da ta yaron nan na gefen taga wanda ya ce tasa ta yi wata uku ba ta jin makirfo.